Yadda Ake Neman Haƙƙi Idan Gyaran Na'ura Ya Ɓaci a Ƙarƙashin Yarjejeniyar Kulawa

Duk wanda ya sayi firiza, ko na'urar sanyaya ɗaki, ko ya sa aka haɗa masa sola da inbata a Bauchi, mai yiwuwa an taɓa yi masa tayin ya ƙara wani kuɗi a kan farashi, ko ya riƙa biyan wani abu shekara-shekara, domin kamfanin ya ɗauki nauyin duba na'urar lokaci-lokaci da gyara ta idan ta samu matsala. Tsarin yana da amfani, musamman a gari irin namu inda zafin watan Maris da Afrilu da kuma hawa da saukar wutar lantarki suke gajiyar da kaya. Damuwar tana zuwa ne ranar da aka turo mai gyara ya taɓa na'urar ta ƙara lalacewa, ko aka ɗauke ta zuwa shago aka yi makonni babu labari, ko aka dawo da ita ta yi kwana biyu ta sake tsayawa. A irin wannan hali mutane da yawa sukan ce sun bar wa Allah, alhali kuɗinsu suka biya, kuma doka tana tare da su.

Dokar da ta fi shafar wannan lamari ita ce Dokar Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, kuma ita ce ta kafa hukumar FCCPC, wato hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, a madadin tsohuwar hukumar kare masu saye ta CPC. Sashe na 130 na dokar ya ba duk wanda aka yi wa aiki don kuɗi haƙƙoƙi huɗu: a yi aikin a kan lokaci kuma a sanar da shi idan jinkiri ya zama dole, a yi shi da ingancin da mai hankali zai yi tsammani, kayan da aka sa a cikin gyaran su kasance marasa aibi, sannan a mayar masa da dukiyarsa a yanayin da bai gaza wanda ya ba da ita ba. Idan aka saɓa ɗaya daga cikinsu, mai kaya yana da damar ya nemi a gyara ɓarnar, ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa daidai da girman gazawar. Sai dai wannan haƙƙi ba ya tsayuwa da ƙafarsa sai da shaida, kuma mafi yawan shaidar ana tara ta ne tun kafin rigima ta tashi.

Mataki na farko shi ne ka ɗauko takardar yarjejeniyar ka karanta ta daga farko har ƙarshe, ko ka sa wanda ka amince da shi ya karanta maka ya yi maka bayani. Ka fara da rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗa su. Garantin kamfanin da ya ƙera na'urar yana zuwa ne tare da ita ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma yana rufe aibin da ya samo asali daga ƙira. Yarjejeniyar kulawa kuwa ciniki ne na daban da ka biya kuɗinsa, kuma sau da yawa da mai sayarwa ko mai haɗawa ka ƙulla ta, ba da masana'antar ba. Sanin wannan ne zai nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Idan na'urar sabuwa ce da ba ta wuce wata uku a hannunka ba, akwai ma hanya ta uku da ta fi waɗannan sauƙi, domin sashe na 132 ya ba ka damar mayar da kaya mai aibi ga wanda ya sayar maka a cikin wata uku ba tare da tara ba, shi kuma ya gyara, ko ya sauya, ko ya mayar da kuɗi.

A cikin takardar, ka nemi amsar wasu tambayoyi ka ja layi a ƙarƙashinsu. Shin kuɗin da ka biya na aikin hannu ne kawai, ko har da kayan gyara irin su kwamfaresa (injin da ke sa na'urar yin sanyi) da gas da batir? Sau nawa aka yi alkawarin zuwa dubawa a shekara, kuma an zo ɗin? Kwana nawa aka ɗibar wa kai tsakanin kiranka da zuwan mai gyara? Waɗanne matsaloli aka cire daga alkawarin? Galibi za ka tarar an cire ɓarnar wuta mai ƙarfi, da tsawa, da ɓeraye, da kuma duk na'urar da wani mai gyara na waje ya buɗe. Ka kuma duba sunan da ke kan takardar da hatiminta, domin sunan da ke jikin allon shago ba lallai ne ya zama shi ne sunan da aka yi wa rajista ba, kuma ana iya bincika sunan kamfani a shafin intanet na CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni rajista. Idan babu takarda sam, magana ce kawai aka yi da baki, kada ka karaya: rasit, da saƙon banki na kuɗin da ka tura, da hirarku ta WhatsApp duk suna nuna cewa an ƙulla ciniki.

Mataki na biyu ya shafi ranar gyaran kanta, kuma a nan ne nake ganin ya fi dacewa a tsaya a yi bayani sosai, saboda abin da aka yi sakaci da shi a wannan rana da wuya a iya maido shi daga baya. Kafin mai gyara ya ɗora hannu, ka ɗauki hoton na'urar ta kowane ɓangare, ka ɗauki ɗan bidiyo da ke nuna matsalar, sannan ka ɗauki hoton ƙaramin allon bayanin da ke manne a bayanta ko a gefenta, wanda ke ɗauke da samfuri da lambar na'urar. Idan firij ne ko firiza, ka sunkuya ka haska bayansa ta ƙasa, za ka ga baƙin kwamfaresa da tasa takardar a manne, ita ma ka ɗauki hotonta. Dalilin wannan shi ne akwai ƙorafin da ake yi cewa an kai kaya da kwamfaresa na asali an dawo da shi da na hannu, kuma babu yadda mutum zai tabbatar da haka idan bai san lambar da ya ba da ba. A wannan allon ne kuma ake rubuta irin gas ɗin da na'urar ke amfani da shi, misali R600a ko R134a. Ba a musanya ɗaya da ɗaya, kuma R600a yana kama wuta, don haka idan za a ƙara gas ka tambaya wane iri aka kawo, ka ga tulun da idonka.

Ka tambayi mai gyaran sunansa da shaidar cewa kamfanin ne ya turo shi, cikin mutunci da sakin fuska, domin shi ma neman halalinsa ya fito. Idan ya gama dubawa, ka ce masa, "Malam, don Allah rubuta mini abin da ka gano da abin da za ka canza." Kamfanoni masu tsari suna da katin aiki da ake cikewa a kowace ziyara. Kada ka sa hannu a kan katin da ba a cike ba, kuma kada ka sa hannu a gurbin da ke cewa an gama aiki lafiya kafin ka ga na'urar tana aiki. Firiza ba ta nuna lafiyarta a cikin minti biyar, don haka idan an matsa maka ka sa hannu, ka rubuta da hannunka a gefe cewa ba a gwada ba tukuna. Duk abin da aka cire, ka nemi a nuna maka shi, ka ɗauki hotonsa tare da sabon da aka sa, ka kuma tambaya ko sabon fil ne ko na hannu, domin doka ta wajabta a bayyana wa mai saye idan kayan da ake ba shi an taɓa amfani da su ko gyararru ne. Idan kuma dole sai an tafi da na'urar shago, kada ta fita daga gidanka sai da takardar karɓa mai ɗauke da kwanan wata, da lambar na'urar, da yanayin da take ciki, da abubuwan da aka haɗa da ita kamar rimot da waya, da ranar da za a dawo da ita.

Mataki na uku shi ne abin da za ka yi da zarar ka lura gyaran bai yi ba. Idan ka ji warin ƙuna, ko jikin na'urar yana jan hannu, ko batir ya kumbura, ka kashe ka cire daga wuta nan take, ka hana yara matsowa. Daga nan ka sake ɗaukar hoto da bidiyo, ka rubuta rana da lokaci. Babban kuskuren da ake yi a wannan gaɓa shi ne kiran mai gyaran unguwa ya buɗe ya duba. Na san abin da ke sa haka, domin matar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya a Yelwa ko Fadamar Mada ba za ta iya zaman jira ba alhali jarinta yana narkewa, balle a ce a watan azumi ne. Amma da zarar wani hannu ya shiga, an ba kamfanin hujjar cewa ba su ne suka ɓata ba, kuma yawancin yarjejeniyoyi suna faɗuwa da haka. Idan matsin ya yi yawa, gara a nemi aron wuri a firizar maƙwabta na ɗan lokaci, ko a yi hayar wata a ajiye rasit, a bar wadda ta lalace yadda suka bar ta.

Mataki na huɗu shi ne kai ƙorafi ga kamfanin a rubuce. Kiran waya yana da kyau don a gaggauta, amma bayan kowane kira ka tura saƙon da ke taƙaita abin da aka faɗa, da sunan wanda ka yi magana da shi. Sannan ka rubuta wasiƙa zuwa ga manaja, ka yi kwafi biyu, ka kai da kanka, ka sa a buga hatimi da kwanan wata a kan naka kwafin. Wasiƙar ba ta bukatar tsawo ko zafin harshe. Ga yadda jikinta zai iya kasancewa:

"Ranka ya daɗe, ina da yarjejeniyar kulawa da kamfaninku a kan firizata mai lamba kaza, wadda na biya kuɗinta ranar kaza. Ma'aikacinku ya zo ranar kaza ya canza kwamfaresa, kuma tun daga washegari firizar ba ta ƙara yin sanyi ba. Na sanar da ofishinku ta waya da saƙo a ranakun kaza da kaza. Bisa sashe na 130 na Dokar Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, ina neman a gyara ta ba tare da ƙarin kuɗi ba cikin kwana bakwai. Idan hakan bai samu ba, zan nemi a mayar mini da kuɗina kuma zan kai ƙorafi ga hukumar FCCPC. Na haɗa da kwafin rasit da katin aiki da hotuna."

Ka lura cewa wasiƙar ta faɗi abu ɗaya takamaimai da ake nema, ta kuma sa wa'adi. Kwana bakwai zuwa goma sha huɗu wa'adi ne da kowa zai gani a matsayin adalci, sai dai idan yarjejeniyar ta ambaci wani. Kada ka taɓa ba da asalin takardunka, kwafi kawai za ka bayar. Idan ka yi asarar kaya saboda lalacewar, kamar nama ko kifi ko madara da suka ruɓe, ka ɗauki hotonsu kafin a zubar, ka rubuta ƙimarsu ta gaskiya tare da rasit idan akwai. Ƙara gishiri a lissafin asara yana raunana ƙorafi mai kyau, domin da an kama ƙari a wuri ɗaya sai a fara shakkar sauran.

Akwai amsoshin da aka saba bayarwa, kuma yana da kyau ka san su tun kafin ka ji su. Ta farko ita ce, "Wuta ce ta ƙone ta." Wani lokaci gaskiya ne, amma faɗa da baki bai isa ba. Sashe na 145 ya ɗora nauyin kawo hujja a kan kamfanin da ya ba da kaya ko ya yi aikin idan aka yi zargin akwai aibi, don haka ka nemi rahoton injiniyansu a rubuce, mai nuna abin da ya ƙone da dalilin da ya sa suka danganta shi da wuta. Idan kana da sitabilaiza, ka nuna ta, idan kuma babu abin da ya ƙone a gidan ko a maƙwabta a wannan rana, ka rubuta haka. Idan ta tabbata wutar ce, to maganar ta koma ga kamfanin rarraba wuta, wanda a Bauchi da Gombe shi ne JED, kuma ana farawa ne da sashensu na karɓar ƙorafin abokan hulɗa kafin a wuce gaba zuwa hukumar da ke kula da harkar lantarki.

Amsa ta biyu ita ce a nuna maka wani layi a ƙasan rasit da ke cewa ba a mayar da kuɗi bayan an biya, ko kamfani ba shi da alhakin duk abin da ya samu kaya a shagonsa. Irin wannan rubutu ba ya shafe haƙƙin da doka ta bayar. Sashe na 127 zuwa 129 sun hana sharuɗɗan da babu adalci a cikinsu, sun wajabta a jawo hankalin mai saye ga duk sharaɗin da ke rage alhakin kamfani kafin a ƙulla ciniki, kuma hukumar FCCPC ta sha bayyana cewa tsarin hana mayar da kuɗi ya saɓa wa doka. Amsa ta uku ita ce, "Ai yaron ba ma'aikacinmu ba ne, aiki kawai muka ba shi." Wannan tsakaninsu ne. Kai da kamfanin ka ƙulla yarjejeniya, su ka biya, su kuma suka turo shi, saboda haka su ne za su amsa maka.

Idan gardama ta tsaya a kan musabbabin lalacewar, to a nan ne ra'ayin wani masani yake da amfani, amma a yi shi bisa tsari. Ka sanar da kamfanin a rubuce cewa za ka kawo injiniya mai zaman kansa ya duba ranar kaza, ka gayyace su su halarta, kuma ka bukaci injiniyan ya rubuta abin da ya gani ba tare da ya gyara komai ba.

Mataki na biyar, idan wa'adi ya cika babu biyan bukata, shi ne kai ƙorafi gaba. Kafin hukuma, babu laifi a gwada sulhu ta hannun shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa idan shagon yana cikin kasuwa irin Wunti ko Muda Lawal, domin ɗan kasuwa yana jin nauyin abokan sana'arsa, kuma sau da yawa magana takan mutu a nan cikin kwana kaɗan. Idan bai yiwu ba, sashe na 146 ya ba ka damar shigar da ƙorafi a hukumar FCCPC, wadda hedikwatarta ke Abuja, kuma ofishinta na shiyyar Arewa maso Gabas yana nan Bauchi. Ana iya shigar da ƙorafin ta shafinta na intanet ko a kai a rubuce. Ka jera takardunka bisa kwanan wata: yarjejeniya, rasit, katin aiki, hotuna, saƙonni, da wasiƙarka mai hatimi, sannan ka ɗora takarda guda a sama da ke ba da labarin a taƙaice da abin da kake nema. Hukumar takan tuntuɓi kamfanin ta nemi bayaninsa, tana da ikon bincike da ba da umarni, kuma dokar ta kafa kotu ta musamman da ke sauraron ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta. Ka riƙe lambar ƙorafinka, ka riƙa bibiya a kai a kai, domin takardar da mai ita ya yi shiru takan daɗe a kan tebur. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofishi a kowace jiha, kuma ba a biyan kuɗi wajen kai mata koke.

Kotu ita ce mataki na ƙarshe, kuma dokar ba ta rufe maka ƙofarta ba ko da ka je hukuma. Ka auna kuɗin da kake bi da abin da shari'ar za ta ci maka na kuɗi da lokaci. Jihohi da dama sun kafa tsarin sauraron ƙananan da'awa a kotunan majistare, inda ake gaggauta shari'a kuma mutum zai iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba, don haka ka tambayi magatakardan kotu ko da'awarka za ta shiga wannan tsari. Saƙonnin waya da hotuna suna karɓuwa a matsayin shaida bisa sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 idan aka cika sharuɗɗansa, saboda haka kada ka goge hirar, kada kuma ka sayar da wayar kafin a gama. Idan ɓangarorin biyu Musulmi ne kuma aka je kotun shari'ar Musulunci, a mazhabar Malikiyya an san hukuncin lamunin masu sana'a, wato mai sana'ar da ya buɗe ƙofarsa ga jama'a yana ɗaukar alhakin kayan da ya karɓa ya tafi da su idan suka ɓace ko suka lalace a hannunsa, sai fa idan an kafa shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Abin da ba na ba da shawara a kai shi ne ɗauko 'yan sanda su kama mai gyara, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Lamarin yana zama na 'yan sanda ne idan akwai laifi a fili, kamar a sayar da na'urarka ko a gudu da ita.

Idan aka kai ga sulhu a kowane mataki, a rubuta shi, kowa ya sa hannu tare da shaidu biyu. A bayyana abin da za a yi, da ranar da za a gama, da wanda zai biya kuɗin ɗauka da dawowa, da tsawon garantin da aka ba sabon gyaran. Idan sauya na'urar za a yi, a rubuta samfuri da lambar sabuwar, a kuma faɗa ko ragowar watannin yarjejeniyar za su koma kanta. Idan kuwa ka yanke shawarar rabuwa da kamfanin, ka sanar da su a rubuce, ka nemi kuɗin watannin da ba a yi maka aiki ba, sannan ka je bankinka ka soke duk umarnin cirar kuɗi da ka taɓa sa wa hannu, domin kada a ci gaba da cire maka kuɗin shekara mai zuwa.